Inna Lami da Ma'auni Mai Launi Uku

Duk wanda ya taɓa zama a Yantala ya san Inna Lami. In bai san ta da suna ba, to ya san ta da murya, don Allah bai ba ta maganar ƙasa-ƙasa ba. In tana gaisawa da maƙwabciya ta kan katanga, baƙo sai ya ɗauka faɗa ake yi. Gajeruwar mace ce mai saurin tafiya, kuma kullum akwai ƙulli a bakin zanenta. Sauran mata goro suke ƙullewa a nan. Ita wani siririn ma'auni ne na roba take naɗewa, irin wanda ake zagaya wa damtsen yaro a gidan likita, mai launi uku: ja, ruwan ɗorawa da tsanwa. Ya tsufa har lambobin jikinsa sun goge, amma ko biki za ta je, da shi take zuwa.

Ba a Yamai aka haife ta ba. Ƴar wani ƙauye ce a ƙasar Tasawa, can ta auri Malam Hamisu, can kuma ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Sulaiman. Kamar kowace mace mai kunya a wajensu, ba ta taɓa kiran sunan ɗan fari ba. "Yaron nan" take cewa, in da mutane a wurin ma sai ta yi kamar ba ta gan shi ba. Yana shekara uku damina ta ƙi, wata ta zo ita ma ta ƙi, rumbuna suka zama wayam. Yaron da ke bin awaki da gudu ya daina gudu. Sai ya riƙa jingina da bangon ɗaki tun safe, ya miƙe ƙafafu, yana kallon sauran yara da manyan idanu, damtsensa bai fi kaurin kara ba. Kafin taimakon hatsi ya iso garinsu an riga an kai shi makwancinsa. Ya zo duniya ya koma bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Bayan haka ne suka tattara ƴan komatsansu suka yo Yamai. Suka fara da ɗakin haya a Zongo, Malam Hamisu yana dako a Babbar Kasuwa har ya samu wurin sayar da hatsi, ita kuma tana tuyar fanke. Sannu a hankali suka koma Yantala, ta haifi mata uku, sannan namiji ran Litinin, shi ya sa ake ce masa Tanimu.

Da wata shekarar yunwa ta sake zagayowa, gidan likitan unguwa ya nemi mata ƴan sa-kai da za su bi gida-gida suna auna damtsen yara. Ba a gama sanarwar ba Inna Lami ta iso da mayafinta. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma aikin bai buƙaci karatu ba, launi kawai za ka duba. Tsanwa, a gode wa Allah. Ruwan ɗorawa, uwa ta buɗe ido. Ja kuwa, ai ba a tsayawa gaisuwa. Ta sha saɓa yaro a baya ta nufi gidan likita uban yana biye da ita yana cewa a jira a gwada jiƙo tukuna, ita ko waiwaye ba ta yi. Shekara da shekaru tana wannan aiki, har bayan rasuwar Malam Hamisu, sai da gwiwa ta fara yi mata gardama ta bari. Yau akwai samari a Yantala masu gemu, masu tuƙa moto, wato babur, waɗanda in sun gan ta suke saukowa su durƙusa, don iyayensu sun gaya musu ko wace ce. Ta mayar da rigar aiki, amma ma'aunin ta ce sai dai a ɗaure ta.

Tanimu ya yi karatu ya samu aikin gwamnati, ya auri Safiya, wata malamar lakwal ƴar Damagaram, mai sanyin hali. Da Allah ya ba su namiji, Tanimu ya ce sunan yayansa da bai taɓa gani ba zai mayar. Ranar suna, da aka sanar, Inna Lami ta shige ɗaki ta daɗe, sannan ta fito idonta jawur ta rangaɗa guɗar da aka ji har bakin titi. Sunan dai bai faɗuwa a bakinta, don haka ta yi abin da kakanni suka saba da jikokinsu maza: ta ce ta yi sabon miji. Maigida take ce masa. Tun da aka yaye shi, kowace safiya Tanimu ke kawo shi a kan moto ya ajiye mata, shi ya wuce buro wurin aikinsa, Safiya ta wuce lakwal, sai yamma su zo ɗaukarsa. Gidan da ya yi shiru tun da ƴanmata suka yi aure ya sake yin rai.

To, a nan ne abin ya faro. Wace mace ce za ta bar maigidanta da yunwa? Haka take cewa tana dariya, tana zuba masa madarar gwangwani mai zaƙi a kunu har kunun ya yi fari. Kafin hantsi ya ci fanke uku da sukari. In ya yi ƙananan kuka, ga lemun leda mai sanyi daga butik ɗin Moussa, mai shagon layinsu. In ya yi shiru, ga biskit don ya yi halin kirki. Azahar ta yi, shinkafa da mai har yana sheƙi, ta bi shi da loma tana lallashi ko ya kau da kai. Ba ta barinsa fita waje, kada rana ta ƙona shi, kada ya faɗi. Yaro ya yi ɓul-ɓul, kumatu suka cika, wuya ya ɓace. Duk matar da ta shigo sai ta ce tubarkalla, wannan ai ɗan hutu ne, Inna kin iya reno. Ita kuwa sai ta kwance bakin zane ta zagaya masa ma'auni a damtse a gabansu. Tsanwa. Wani watan ya ƙara nutsawa cikin tsanwan, wani watan ya ƙara. A ganinta duk taƙin da ya ƙaru, nisa ne ya ƙara yi da ja, kuma ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan.

Safiya ce ke kwana da shi, ita ce ke jin minsharinsa kamar na babban mutum, ita ke shafa masa mai a cinyoyin da suka saɓule don gogar juna. Yaro ɗan shekara uku da rabi, in ya hau matakala biyu sai haki. Amma ta yaya suruka za ta dubi uwar mijinta ta ce abincinki ya yi yawa? Sai dai ta kewaya, ta ce wai yau ya ƙoshi daga gida. Inna Lami ta ce ƙoshin gidan ƴan boko ai ba ƙoshi ba ne. Tanimu ya gwada sau ɗaya, ta dube shi sama da ƙasa ta tambaye shi yara nawa ya taɓa rena, bai sake gwadawa ba.

A wannan shekarar ce aka fara jin wani sabon zance a rediyo, wai ma'aikatar lafiya na jan hankalin iyaye kan ƙibar ƙananan yara, a rage musu zaƙi, a bar su su yi wasa, kuma a wurin awo za a riƙa duba wanda ya wuce kima kamar yadda ake duba mai tamowa. Inna Lami ta yi dariya har da tafi. Ƙasar da muka binne yara don yunwa, yau gwamnati ke kukan ƙiba? Ta ce lalle wasu sun rasa aikin yi, ta murɗa rediyon ta koma tashar wa'azi.

Ranar awo ta zo daidai da jarrabawa a lakwal ɗin Safiya, don haka Inna Lami ce ta kai shi, ta sa masa sabuwar shadda, tana tafe tana jin kanta. Mai awon kuwa Madam Zeinabou ce, wata Bazabarma da Inna ta sani tun tana ƴar koyo mai tsoron allura. Suka yi fofo, gaisuwar Zabarmawa, suka tambayi gida. Madam ta ɗora yaro a sikeli, ta tsayar da shi jikin katakon auna tsawo, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sa aka kawo wa Inna kujera. Da Hausarta mai karyewa ta yi mata bayani a hankali: nauyinsa ya wuce na tsawonsa nesa ba kusa ba, zuciyarsa da ƙafafunsa suna ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma in aka ci gaba a haka ana jin tsoron ciwon sukari da hawan jini tun bai kai ko'ina ba.

Inna Lami ta miƙe daga kujerar. Ta kwance bakin zane, ta kamo hannun jikanta, ta zagaya ma'auni, ta juya shi yadda duk matan da ke layi za su gani.

"Wane launi kika gani?"

"Tsanwa, Inna," in ji Madam Zeinabou. "Amma wannan ma'aunin don ya gano yunwa aka yi shi. Bai da launin da zai nuna ɗaya gefen. Ko yaro ya kai nauyin buhu, tsanwa zai nuna miki."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, don a gaban mata aka yi ta, kuma daga bakin yarinyar da ita ta nuna wa lungunan Yantala. Ta ja hannun Maigida suka fita ba sallama. A hanya ta tsaya butik ɗin Moussa ta saya masa lemun leda biyu, don haushi.

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Tanimu. Ya zo shi kaɗai da yamma, ya zauna a bakin tabarma kansa a ƙasa, ya yi ta kwana-kwana kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Sun yi shawara da Safiya: in an koma lakwal bayan hutun damina, za su sa yaron a gidan reno, ya riƙa yini can, inda ake auna abin da yara ke ci. Za su riƙa kawo mata shi ran Juma'a ya gaishe ta. Wannan karon ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Bayan ya tafi ta zauna tana kallon ƙaramin kwanon Maigida da ke kife a kan tukunya, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Za a raba ta da shi, kuma laifinta wai ta ciyar da shi.

Ana cikin haka aka yi suna a maƙwabta. Da hantsi wani rago ya tsinke igiya ya yi waje, yaran layin suka ɗunguma bayansa suna ihu. Maigida ya zame daga hannunta ya bi su, yana dariya. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya dafa gwiwa, sannan ya lallaɓa ya jingina da katangar gidan sunan, ya miƙe ƙafafu, yana haki. Yara suka zagayo da rago suka wuce ta gabansa, suka sake zagayowa, shi yana bin su da ido kawai.

Inna Lami na tsaye da kwanon waina a hannu. Ta san wannan zaman. Ta san jinginar, ta san miƙe ƙafafun, ta san kallon. Shekara arba'in tana gudun wannan zaman, ta bi gida-gida a cikin rana don kada wata uwa ta gan shi, ga shi yau a gabanta cikin sabuwar shadda. Ta ƙarasa ta tsuguna, ta tambaye shi me ya hana shi bin ƴan uwansa.

"Kaka, ƙafafuna sun gaji," ya ce.

Washegari tun kafin a fara layi tana ƙofar gidan likita. Ba ta iya ba da haƙuri ba, ba ta taɓa iyawa ba, sai ta ajiye wa Madam Zeinabou ƙullin goro a tebur ta ce to, ga ta, a gaya mata yadda ake yi. Madam ta yi kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ta ce ba ramar da shi za a yi ba, kuma ba a sa yaro azumi. A dai tsayar da nauyin, tsawo ya kamo shi. Ya ci abinci sau uku, ya ƙoshi, in ya kau da kai a ƙyale shi. A janye lemun leda da biskit da madarar gwangwani, a ba shi ruwa, da wake, da ganye, da ƴaƴan itace. Sannan a buɗe masa ƙofa.

Faɗa da baki ne mai sauƙi. Makon farko Maigida ya yi birgima a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Ya ture kwanon dambun zogale, wanda Zabarmawa ke ce wa kopto, ya ce ciyawa ce. Da ta hana shi lemun leda ya share hawaye ya dube ta ya ce ya sake ta, zai auri Rabi mai fanke ta bakin titi. Ta ce ya je, ita ma ta gaji da miji mai tumbi. Ta yi dariya a gabansa, amma da ta shiga madafa sai da ta riƙe bango, don ba ta taɓa jin yaro na kukan abinci ta hana shi ba. Sau biyu ta kai ƙofar butik ɗin Moussa ta juyo. Shi kansa Moussa sai da ta ja masa kunne, ta ce in ya sake miƙa wa mijinta alewa a ɓoye, za ta tara masa unguwa.

Abin da ya fi kukan ciwo shi ne bakin mata. Da kumatu suka fara sauka, sai a tare ta a hanya a ce, Inna, lafiya yaron nan kuwa? Ya faɗa fa. Kalmar nan takan soke ta har ƙashi. Takan koma gida ta zagaya masa ma'auni, ta ga har yanzu tsanwa ne, sannan ta samu numfashi. Da abin ya ishe ta, sai ta daina ba da amsa a tsaye, ta fara bin su har gida. Madam Zeinabou na shirya taron mata ana nuna musu girkin yara, amma kakanni ba sa zuwa, alhali su ne ke riƙe da ludayi. Inna Lami ta ce a bar ta da su. Ta shiga gidan tsohuwa ta zauna, ta ci goro, ta fito da ma'aunin da kowa ya sani, ta ce wannan ya yi mata aiki shekara da shekaru, amma ido ɗaya gare shi. Wasu suka ji, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Ko a jikinta.

Kowace yamma kuma, in rana ta yi sanyi, takan ja shi su gangara wajen lambunan bakin kogi, ita da gwiwarta mai ciwo, shi da hakinsa, suna tafe suna tsokanar juna kan wanda zai fara neman wurin zama. Masu lambu suka san su, wannan ya ba shi karas ya wanke a bokiti, wancan ya tsinko masa gwaba. Da farko sau uku suke hutawa kafin su kai. Daga baya ita kaɗai ke nema.

Damina ta ja baya, aka fara ɗinkin kayan lakwal. Ba wanda ya sake tayar da zancen gidan reno, ita ma ba ta tambaya ba, sai dai kullum da zancen a ranta take kwana take tashi. Ana saura kwana kaɗan a koma, Tanimu da Safiya suka zo ɗaukarsa da wuri, aka ce musu suna bakin kogi, suka bi su can. Suka tarar da ita zaune a kan kututture, shi kuma ya samu wata tsohuwar tayar moto yana garawa da kara tare da yaran masu lambu. Har yanzu ya fi su jiki, amma wuya ya fito, wandonsa ya ɗage daga idon sawu. Safiya ta tsaya tana kallo, ta rufe baki da gefen mayafi.

Tayar ta kuɓuce masa ta hau gangaren da ke fita gudron, titin kwalta inda motoci ke wucewa. Ya bi ta da gudu, gudu na gaske, ƙura na tashi a bayansa. Tanimu ya zabura, amma yaron ya yi nisa. Inna Lami ta miƙe, ta ce Maigida, bai ji ba. Sai muryar nan da duk Yantala ta sani ta tashi gaba ɗayanta.

"Sulaiman!"

Yaro ya tsaya cak, tayar ta wuce ta faɗa rami ita kaɗai. Tanimu ma ya tsaya, don tun da aka haife shi bai taɓa jin wannan suna a bakin uwarsa ba. Yaron ya dawo a guje ya faɗa jikinta, ko haki ba ya yi sosai, ya ɗaga kai yana mamaki.

"Kaka, ashe kin san sunana?"

"Na san shi tun kafin a haifi ubanka," ta ce. Ta sake faɗinsa a hankali, a kan gashin kansa, hawaye na zuba ba ta ɓoye su ba.

Suka hau hanyar gida. Sai da suka kai ƙofar gida, Tanimu na tayar da moto, Safiya ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba, idonta a ƙasa, ta ce, "Inna, ran Litinin za mu koma lakwal. Da sassafe za a kawo miki shi."

Inna Lami ta gyara ƙullin bakin zanenta, ta ce a zo masa da takalmin da ya fi wannan, na ƙafarsa ya cinye.